BABI NA HUƊU: JARABAR CACA DA NEMAN WARAKA A LITTAFIN IGROK NA DOSTOYEFSKI

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an duba yadda ɗan caca yake fitowa a waƙoƙin wa'azi na Hausa, inda aka ga cewa yawanci akan jera caca ne tare da giya da zina da sata, sannan a tsoratar da mai yin ta da tsiyar duniya da azabar lahira. A wannan babi kuwa za a leƙa adabin wata al'umma domin kwatance. Littafin da aka zaɓa shi ne Igrok, wato Ɗan Caca, wanda marubucin nan na ƙasar Rasha, Fiyodo Dostoyefski, ya rubuta a shekarar 1866. An yi amfani da fassararsa ta Ingilishi wajen wannan nazari. Dalilin zaɓen littafin shi ne, marubucin da kansa ya yi shekaru yana fama da caca, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da babin zai yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, littafin ya ɗauki caca a matsayin ciwo da ke kama tunanin mutum, ya kuma nuna cewa alkawarin da ɗan caca yake yi wa kansa shi kaɗai ba ya isa ya warkar da shi. Za a kawo tarihin marubucin da labarin a taƙaice, sannan a dubi jigo da warwararsa, da zubi da salo, da kuma raunin littafin.

4.1 Marubucin da Dalilin Rubuta Littafin

An haifi Dostoyefski a birnin Mosko a 1821, ya rasu a 1881. A 1849 gwamnatin Rasha ta kama shi saboda siyasa, ya yi shekara huɗu a kurkukun aikin wahala a Saiberiya. Haka kuma ya yi fama da ciwon farfaɗiya har ƙarshen rayuwarsa. A 1863 ya shiga gidan caca na garin Wisbadin a ƙasar Jamus, ya kuma ci kuɗi masu kauri a farkon wasansa. Daga nan ne jarabar ta kama shi.

Da yayansa ya rasu a 1864, bashi ya yi masa katutu. Wannan ya sa a 1865 ya karɓi rubul 3,000 daga wani mai buga littattafai mai suna Istelofski, bisa sharaɗin zai kawo masa sabon littafi kafin ranar 1 ga Nuwamba 1866. Idan ya kasa, Istelofski zai riƙa buga ayyukansa har shekara tara ba tare da ya biya shi ko anini ba. Da wa'adi ya matso, sai ya ɗauki wata budurwa 'yar shekara 20, Ana Sinitkina, wadda ta ƙware a rubutun gaggawa, yana faɗa tana rubutawa, suka gama littafin cikin kwana 26. Ita ce ya aura a 1867. Wato ke nan shi kansa rubuta littafin wata irin caca ce, domin marubucin ya aza duk abin da ya mallaka a kan wa'adi guda.

4.2 Labarin a Taƙaice

Tauraron littafin shi ne Aleksi, saurayi ɗan Rasha mai shekara 25, wanda yake koyar da 'ya'yan wani Janar mai ritaya. Iyalin suna zaune a wani otal a ƙagaggen gari na Jamus mai suna Ruletanbag, wato Birnin Rulet. Bashi ya ci Janar, ya jinginar da kadarorinsa ga wani Bafaranshe mai suna De Giriyo, kuma kullum yana jiran wayar tangaraho daga Mosko da za ta sanar da shi mutuwar wata tsohuwa mai dukiya, Antonida, wadda kowa yake kira Kaka, domin ya ci gado ya auri wata Bafaranshiya, Bilanshi. Shi kuwa Aleksi ya mace a kan son Polina, agolar Janar, wadda take wulaƙanta shi, ita ce ma ta fara aikensa gidan caca da kuɗinta.

Maimakon labarin mutuwa, sai ga Kaka da kanta a kan kujerar guragu. Ta ce a kai ta ta ga caca, ta ci a ranar farko, ta koma, aka cinye duk abin da ta zo da shi, ta koma Mosko. Ganin babu gado, De Giriyo ya gudu ya bar Polina. A daren nan Aleksi ya ruga gidan caca domin ya samo mata faran 50,000, ya dawo da wajen faran 200,000. Da gari ya waye Polina ta watsa masa kuɗin a fuska ta tafi. Ya bi Bilanshi zuwa Faris, ta cinye kuɗin cikin 'yan makonni. Bayan shekara ɗaya da wata takwas muka sake haɗuwa da shi a garin Hombag, ya yi barantaka, ya yi zaman kurkuku saboda bashi, kuma yana nan yana caca.

4.3 Jigo

Babban jigon littafin shi ne yadda jarabar caca take mallake mutum har ta kore duk wani abin da yake ƙauna. Akwai ƙananan jigogi kamar kwaɗayin gado da soyayyar da ta gauraya da wulaƙanci, amma duk suna yi wa babban jigon hidima ne.

4.3.1 Cin Farko Shi Ne Tarko

Wani likitan ƙwaƙwalwa na Amurka, Robert Custer, ya kasa rayuwar ɗan caca gida uku: zangon ci, da zangon asara, da zangon ruɗewa. Idan muka duba za mu ga Dostoyefski ya riga shi zana wannan taswira da fiye da shekara ɗari. Kaka ita ce misali mafi fitowa fili. Tsohuwa ce mai shekara 75, mai kaifin hankali, wadda take juya kowa a gidan. Ta nace sai an aza mata kuɗi a kan sifiri, Aleksi yana yi mata bayanin cewa sifiri kan daɗe bai fito ba. Sai kuwa ya fito, ya sake fitowa, ta tashi da guldin 12,000. Da a ce an cinye ta a wannan rana, da ta yi tsaki ta tafi abinta. Cin da ta yi ne ya mayar da ita teburin, garin neman ƙiba ta samo rama.

A nan yana da kyau a fahimci yadda wasan yake. Rulet wani faifai ne mai juyawa da ke da gurabe 37, daga sifiri zuwa 36, ana jefa ɗan ƙaramin ƙwallo ya faɗa ɗaya daga ciki. Wanda ya zaɓi lamba ɗaya ya dace, ana biyansa ninki 35 na abin da ya aza. Wannan ɗan giɓi da ke tsakanin yawan gurabe da abin da ake biya shi ne ribar gidan caca, wato kusan kashi 2.7 cikin 100 na duk abin da aka aza. Saboda haka duk wanda ya daɗe a teburin, lissafi da kansa zai cinye shi. Aleksi mai ilimi ne, ya san da haka, amma duk da haka yana tsayawa yana lura da yadda lambobi suke bin juna kamar akwai wata ƙa'ida a ciki. Faifan kuwa ba ya tuna abin da ya fito ɗazu. Marubucin ya nuna mana cewa ilimi ba ya kare mutum daga wannan ruɗu, har ma yakan ba shi hujjojin da zai yaudari kansa da su.

4.3.2 Ba Kuɗi Ne Abin Nema Ba

Hausawa kan ce kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma da wannan ido ake yawan kallon ɗan caca. Littafin ya ƙalubalanci wannan fahimta ta hanyoyi uku. Na farko, tun a farkon labarin akwai lokacin da Aleksi ya ci kuɗi mai yawa, ya san ya kamata ya tashi, amma ya ji wani irin shauƙi na son ya tsokani ƙaddara, ya aza mafi yawan abin da aka yarda a aza, aka cinye. Na biyu, a daren babban cinsa ya shiga gidan cacar ne saboda Polina, amma shi da kansa ya gane daga baya cewa tun da hannunsa ya taɓa kuɗin teburin, son da yake mata ya koma baya. Na uku, da ya isa Faris da dukiyar, bai damu da ita ba ko kaɗan. Yana zaune cikin gundura yana kallo Bilanshi tana sayen dawaki da kayan ɗaki. Mai kwaɗayin kuɗi ba ya yin haka da kuɗi.

Abin da Aleksi yake nema shi ne wannan bugun zuciya na lokacin da ƙwallo yake yawo bai faɗa ba, da kuma jin cewa shi ma wani ne. Ya kamata mu tuna matsayinsa a gidan Janar. Yana da ilimi amma ba shi da ko sisi, ana zaunar da shi a teburin cin abinci kamar ba a gan shi ba. A gidan caca ne kaɗai mutane suke buɗa masa hanya suna nuna shi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Tsagar da ke zuciyar Aleksi ita ce ƙasƙanci, ta nan caca ta shiga.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe kafin su iso inda marubucin ya tsaya. Sai a 1980 ne ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya jarabar caca a kundinta na cututtuka, a 2013 kuma ta mayar da ita rukuni ɗaya da jarabar giya da ƙwayoyi. Daga cikin alamomi tara da kundin ya lissafa akwai shagaltuwar tunani da caca, da komawa domin a fanshe asara, da kasa dainawa bayan an yi ta yunƙuri, da rasa aiki ko zumunci, da dogaro ga wasu su fitar da mutum daga bashi. Wanda aka samu da huɗu cikin shekara guda, ana ɗaukar sa mai ciwon ne. Duk waɗannan biyar da aka ambata suna jikin Aleksi a babin ƙarshe. Abin lura a nan shi ne, Alƙur'ani mai girma ma ya haɗa giya da caca a wuri ɗaya, a aya ta 219 ta Suratul Baƙara da aya ta 90 da ta 91 ta Suratul Ma'ida, inda aka ambaci gaba da ƙiyayya da shagala daga salla a matsayin abin da suke haifarwa.

4.3.3 Wa Ya Tsira, Wa Ya Halaka?

A ganin wannan nazari, gwanintar marubucin ta fi fitowa a yadda ya jera 'yan caca biyu, ɗaya ta kuɓuta, ɗaya ya nutse. Kaka ta yi asarar da ta fi ta Aleksi nesa ba kusa ba, amma ta tsira saboda abubuwa huɗu. Ta amsa wautarta da bakinta a gaban Polina da Aleksi, ba ta ɗora wa kowa laifi ba. Ta bar garin nan take, ta ranci kuɗin jirgi daga wani Bature ɗan Ingila mai suna Astli. Tana da inda za ta koma, wato gidajenta da ƙauyukanta da barorinta da suka yi ta kuka saboda ita. Sannan ta sami abin da za ta mayar da zuciyarta a kai, domin ta ƙudura sake gina wata majami'ar katako da dutse.

Aleksi ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba shi da gida, ba shi da aiki, kuma yana yawo ne daga wannan garin caca zuwa wancan. A haɗuwarsu ta ƙarshe Astli ya faɗa masa cewa ya zama kamar itace, ya bar abokansa da burinsa har da tunanin abubuwan da suka wuce. Ya kuma sanar da shi abin da ya fi komai ciwo, wato ashe Polina tana sonsa tun da can. Aleksi ya zubar da hawaye, ya ƙudura zai tafi Suwizalan ya same ta, ya zama sabon mutum. Mai karatu zai ɗauka waraka ta zo. Amma Astli ya ba shi tsabar zinariya goma, yana mai cewa da yawa da kaɗan duk ɗaya ne a wurinsa, tun da teburin za su koma. Nan take tunanin Aleksi ya karkata ga wata rana da guldin ɗaya tak ya rage masa, ya koma ya aza shi, ya fito da 170. Da wannan tunani littafin ya rufe, tauraron ya ɗora dukkan begensa a kan gobe.

Wannan rufewa tana koya mana abu biyu. Na ɗaya, ƙwaƙwalwar ɗan caca tana adana ranar ci ta zubar da ranakun asara. Na biyu, ba wa ɗan caca kuɗi a hannu, ko biya masa bashi kamar yadda wani da ba a bayyana ba ya fanshi Aleksi daga kurkuku, ba ya warkar da shi. Astli ya faɗi gaskiya, amma ya faɗe ta ya juya ya tafi, ya bar maras lafiya da kuɗi a bakin ƙofar gidan caca.

Rayuwar marubucin ta cike abin da littafin ya bari. Rubuta littafin bai warkar da shi ba, domin a 1867 a garin Badin-Badin ya yi asarar da ta kai shi ga jinginar da 'yan kunnen amaryarsa da tufafinsu. Sai a watan Afrilu 1871, bayan wata asara a Wisbadin, ya rubuta wa Ana cewa ya daina, bai kuma sake komawa ba har ya rasu bayan shekara goma. Abubuwan da suka taimake shi sun yi kama da na Kaka: a shekarar ya koma gida Rasha, Ana ta karɓi riƙon kuɗin gida da harkar buga littattafansa, ga 'ya'ya, ga aikin rubutu. Daɗin daɗawa, an rufe gidajen caca na Jamus a ƙarshen 1872. Hanyoyin da ake bi a yau ba su yi nisa da wannan ba: tattaunawa da ƙwararre domin gyara karkataccen tunani game da sa'a, da damƙa riƙon kuɗi ga amintacce, da nisantar wurin caca, da zama da waɗanda suka sha irin wannan wuya, kamar yadda ƙungiyar Gamblers Anonymous take yi tun kafa ta a 1957. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka.

4.4 Zubi da Salo

Littafin yana da babi 17, kuma an zuba shi ne a matsayin rubutun da Aleksi yake yi da hannunsa. Wannan dabara ce mai muhimmanci, domin ta sa mai karatu cikin kan ɗan caca, yana jin uzurorinsa yadda shi yake jin su. Marubucin bai tsoma baki ya yi wa'azi ba ko sau ɗaya. Ya bar mu mu kama tauraron yana yi wa kansa ƙarya. Haka kuma tafiyar labarin tana bin yanayin zuciyarsa. A wuraren caca jimloli kan gajarce, lambobi su yi ta biyo juna, har mai karatu ya ji numfashinsa yana sama. Akwai kuma giɓi biyu da Aleksi ya daina rubutu, na kusan wata guda da na shekara ɗaya da wata takwas. Waɗannan giɓoɓi suna nuna yadda caca take cinye lokacin mutum ba tare da ya bar wani abin faɗa ba. Bugu da ƙari, marubucin ya yi amfani da raha, musamman a isowar Kaka, wadda ake jiran gawarta sai ga ta tana yi wa kowa tsawa.

4.5 Raunin Littafin

Duk da haka littafin bai rasa aibi ba. Gaggawar da aka yi wajen rubuta shi ta bar alama. Kashin farko ya cika jan ƙafa a kan rikicin gidan Janar, labarin bai kankama ba sai da Kaka ta iso wajen tsakiya. Polina kuma an bar ta cikin duhu. Ita ma ta shiga ruɗewa da rashin lafiya bayan wancan dare, amma ba a ba mu damar jin abin da ke ranta ba, alhali kuwa waɗanda ke kusa da ɗan caca suna cikin masu shan wahalarsa. Sai kuma yadda marubucin ya yi wa ƙabilu kuɗin goro: Faransawa mayaudara, 'yan Folan 'yan damfara, Jamusawa marowata, ya kuma nuna kamar caca halin Rashawa ce ta gado. Wannan ya saɓa wa babban jigon littafin, domin ciwo ba ya tambayar ƙabila.

4.6 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda Dostoyefski ya nuna caca daga cikin zuciyar mai yin ta: cin farko ya ɗaure shi, shauƙi ya maye gurbin kuɗi da soyayya, gobe kuma ta zama maboyarsa. An kuma ga cewa waɗanda suka tsira, wato Kaka a littafin da marubucin a rayuwa, sun tsira ne da amsa laifi da barin wurin da samun masu riƙe su.

Wannan darasi ya shafe mu. A 2024 hukumar Hisba ta Jihar Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallon ƙafa da dama, amma cacar yanzu tana cikin wayar hannu, saurayi na iya yin ta a ɗakinsa ba wanda ya sani. Waƙoƙin wa'azi da aka duba a babi na uku sun yi aikin rigakafi, sun faɗa wa wanda bai fara ba kada ya fara. Wanda ya riga ya faɗa kuwa ya san haramun ce, ya san asara ce, abin da ya rasa shi ne hanyar fita, kuma kunya da gori sukan ƙara sa shi ɓoyewa. A nan ne marubutan ƙagaggun labarai da masu shirya fina-finan Hausa suke da fili, wato su nuna ɗan caca a matsayin ɗan'uwa da ke buƙatar jinya, su nuna rawar da iyaye da mata da malamai da likitoci za su taka. Babi na biyar zai kawo kammalawa da shawarwarin da wannan bincike ya tattaro.